Baƙin Haƙorin Barmo

Nafisa jikata, likitar salula, ke da ƙawayenki biyu da kuka zo hutu kuka cinye mani tuwo kuka bar mani wa'azi, wannan takarda taku ce. Kun ce kun karanta wai masana sun gano ganye zai iya maye gurbin jabel, ruwan wankin nan mai cinye launin tufa, wajen wanke cikin haƙori. Kika dube ni kika ce, "Kaka, ashe aikin naku ba wuya, dogon yaro ne kawai a dafa a tsiyaya." Na gode Allah da ya nuna mani ranar da aka gano dogon yaro. Shekara talatin yana zubar mani da ganye a tsakar gida ina shara, ban san ku yake jira ba. Ban ba ku amsa a ranar ba, don bakina da goro, ku kuma kuna magana ku uku lokaci guda kamar 'yan tsaki. To ga amsar, da rubutun yaƙi da jahilci. Inda harafi ya karkace ku yi haƙuri, ku masu lakkwal, 'yan boko.

Ni ban nemi aikin haƙori ba, shi ya biyo ni har gida. Likita Isufu ya gama aikin gwamnati ya dawo Madarunfa, ya kama shagon da ke jikin zaurenmu, inda marigayi kakanki yake ajiye buhunan gyaɗa. Ranar farko ya aiko a ba shi ruwan zafi. Rana ta biyu wata mata daga Safo ta ce namiji ba zai riƙe mata kai ba, aka kira ni. Rana ta uku ba wanda ya kira ni, na je da kaina. Daga murhuna zuwa wurin aiki taku goma sha biyu ne, na ƙidaya. Ni da ko Maradi sai biki ko rasuwa ke kai ni, da an ce aikin yana bayan kasuwa da yanzu ban san sunan ko ƙarfe ɗaya ba.

Shekarata ta farko wanki kawai na yi. Akwai wasu 'yan allurai masu kaushi kamar zarto, siraran da in ɗaya ta faɗi ƙasa sai kin yi rarrafe. Kowace da lamba a kanta, ni kuwa lamba ba ta gaishe ni ba na gaishe ta, sai na haddace launinsu: fara, rawaya, ja, shuɗiya, koriya, baƙa, daga ƙarama zuwa babba. In goge su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, in jera a tukunyar nan mai huci da ake ce ma kokot, in zauna in saurare ta. Akwai hucin da ke cewa da saura, akwai wanda ke cewa an gama. Agogon Likita ya kan yi ƙarya, kunnena bai taɓa yi ba. Haka injin huda haƙori. In yana cin dutsen sama kukansa daban, in ya faɗa cikin ɗakin jijiya sai muryarsa ta faɗi kamar wanda ya taka rami. Kafin Likita ya miƙo hannu, farar allura tana tafinsa. Wannan ban san a wane shafi na salula yake ba.

Bari in gaya maku aikin yadda shi ya gaya mani, ko da yake kun riga kun san komai. Haƙori ba dutse ba ne. A cikinsa akwai rami siriri kamar zaren ɗinki, jijiya na kwance a ciki. In ta mutu sai ta ruɓe, kamar ɓera ya faɗa rijiya. Wawa shi ke tsamo ɓeran ya ce a sha ruwa. Mai hankali yashe rijiyar yake. Alluran nan suna kankare bango, amma ramin yana da lunguna da ba allurar da ke shiga, nan ne aikin jabel. Ana sirka shi da ruwa gwargwado, a zuba da sirinji a hankali, a tsotse, a sake, har hannu ya gaji. Aiki biyu yake yi, ya kashe ƙwayar cuta, ya kuma narkar da mataccen nama. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Ba yabon jabel nake ba. Mugun abu ne. Ba ni da zane ɗaya na wancan zamani da ba shi da ɗigon fari. In ya taɓa leɓe ya ƙone shi, in aka tura shi da ƙarfi ya wuce ƙarshen saiwa, fuskar mutum ta zama abin da ba a so a gani. Duk mai neman abin da ya fi shi sauƙi ina bayansa. Kuma tsiro da kuke zumuɗi a kai, ai a ɗakin nan ya tsufa. Abin da ake toshe haƙori da shi na ɗan lokaci, man kanumfari ne a ciki, har yau in na shiga shagon ina jin ƙanshinsa a bango. 'Yan tsinkayen da ake cike ramin da su daga ƙarshe, ɗankon wani icce ne. Auduga kuwa ba daga sama ta faɗo ba.

Wani ɗan canji daga Ɗan Issa ya taɓa zuwa da kunci kamar ya ɓoye mangwaro. Likita ya ce mi ka sa? Ya ce ba komai. Aka buɗe, sai ga garin taba, ga kanwa, ga tafarnuwa, ga ɗigon ruwan batir a bisa don albarka. Na ce, "Alhaji, saura gishiri da daddawa a sauke." Haka mutanenmu suke. Ba a zuwa sai an gama gwada duk abin da maƙwabta suka sani, in kuma ciwo ya lafa bayan zama ɗaya, shi ke nan, an warke, sai bayan wata uku ka ga mutum a amalanke an lulluɓe shi da bargo.

To sai muguwar shekara. Iyaka a rufe, kaya ba sa shigowa yadda aka saba. Damina ta yi nauyi, amai da gudawa ya shiga ƙauyuka, duk jabel ɗin kirki ya tafi gidajen likita da rijiyoyi, kuma can ya kamata ya tafi. Wanda ya rage a kasuwa wari kawai ya gada. Ni ke gwadawa, ina da wani tsumman shuɗi, in ɗiga in jira. Na gaske kafin ki gama salati ya yi fari. Na wannan shekarar sai ya jiƙa tsumman kawai, kamar ya yi mashi alwala. Daga baya gulbi ya cika ya yanke mana hanyar Maradi. Likita ya ce an daina aikin jijiya sai Allah ya kawo sauƙi.

Ana cikin haka sai ga Barmo. Barmo ɗan kawuna ne, taubashina, masunci a tabki tun yana yaro. Ya shigo zaure leɓensa na sama ya kumbura har ya tokare hanci.

Ya ce, "Baiwata, kira Likita, sarkinki ya zo."

Na ce, "Sarkin ƙarni dai. Wane kifi ne ya rama?"

Ba kifi ba ne, dalmar koma ce ta buge shi a haƙori tun watannin baya, ya share, yanzu abin ya tashi. Ku da ba ku taɓa zuwa bakin tabki ba sai ɗaukar hoto, ku ji. Mai jefa koma hannu biyu ba sa isarsa. Dama ta riƙe wani sashe, hagu wani sashe, bakin komar kuma a haƙori ake kama shi, a juya jiki, a saki duka lokaci guda ta buɗe kamar faifai. Barmo haƙori ɗaya ya rage mashi a gaba ta sama, ɗan'uwan tuni wani mai cirewa a kasuwa ya tafi da shi. Gonarsa kuma ruwa ya cinye a shekarar. Gida mai mutum tara, a kan haƙori ɗaya yake tsaye.

Likita ya ƙwanƙwasa, Barmo ya kira sunan uwarsa. Likita ya ce, "Barmo, jijiyar ta mutu. Aikinta a buɗe a wanke, abin wankin kuwa babu. Saura cirewa."

Barmo ya ce, "Likita, cire mani kunne. Biyu gare ni, kuma ba abin kirki nike ji da su ba, sai maganar wagga baiwa. Wanga haƙori kam shi ke riƙe koma."

Likita ya huda, mugunya ta fito, ya wanke da dafaffen ruwan gishiri. Ya ce ruwan gishiri shara kawai yake, ba ya kisa. Nan ne bakina, wanda bai taɓa sanin wurin zamansa ba, ya ce innata da bagaruwa take wanke dasashi mai jini da gyambo, kuma suna warkewa. Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba, sai ya ce ya taɓa karanta cewa wasu itatuwa suna kashe ƙwayar cuta a kan faranti a ɗakin gwaji, amma faranti ba haƙori ba ne. Ya dubi Barmo, ya dubi kwalbar jabel da ba komai, ya ce za a gwada don a riƙe haƙorin kawai kafin hanya ta buɗe, ya kuma gaya ma Barmo gwaji ne, Barmo ya ce ya yarda. Ya kafa mani sharaɗi. Bagaruwa mai kyau wadda ƙwaro bai taɓa ba, a dafa a kwano mai fenti, a tace da dafaffen ƙyalle, a sake tacewa da auduga, kullum sabuwa.

Ya ce, "Hajo, kada ki ƙara komai."

Na ce, "To."

Ku ji tsoron to ɗin macen da ta gaji magani. A gidanmu ba a taɓa sauke tukunyar magani ba tare da an jefa kashin maƙera ba, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke saura a maƙera. Shi ke ba magani ƙarfi, haka innata ta ce, haka tata innar ta ce. A wurina wannan ba ƙari ba ne, kamar a ce maki kada ki ƙara komai a miya ne, ai ba za ki fasa sa gishiri ba. Na ce mutum mai ɗauke da baki tara, ɗan kawuna, in ba shi magani salam kamar furar da ba nono? Na kwance tsumman innata, na ɗauko dunƙulen, na wanke shi tas da sabulu don ni ma na san tsabta, na jefa. Na tace sau bakwai. Ya fito kamar shayi mai kauri. Likita ya ɗaga shi a hasken ƙofa ya ce ya yi.

Zama uku aka yi. Kumburi ya sauka, Barmo ya koma tabki, ni kuma na fara tafiya a tsakar gida kamar wadda aka naɗa. Har na fara tunanin ko Likita ya kamata ya riƙa miƙo mani allura.

Bayan mako guda Barmo ya shigo da hannu a baki. Na ce yau kuma kunya aka koyo? Ya sauke hannun. Haƙorin nan ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Likita ya zaunar da shi, ya fito da littattafansa, yana cewa ko tsohon jini ne, ko shi ya yi kuskure, yana ta zargin kansa. Ni ina tsaye ina goge abin da na riga na goge.

Sai ga Nomau baduku, maƙwabcinmu, ya leƙo neman garwashi. Idonsa ya faɗa kan ƙyallen tata da na shanya a igiya, wanda shi ma ya yi baƙi, ni kuwa na ɗauka tsufa ne.

Ya ce, "Hajo, kin shiga sana'armu ba sallama? Mi kika haɗa?"

Na ce, "Bagaruwa ce kawai."

Ya shinshina, ya murza da yatsa, ya ce, "Bagaruwa kaɗai ba ta haka. Wagga ta ga ƙarfe. Ai da su biyun nike baƙanta fata, da fari ba ya nunawa, sai ya sha iska. Wa kika jeme?"

Barmo daga kan kujera, baki a buɗe, ya ce, "Ni."

Likita ya rufe littafi. Na faɗi abin da na jefa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Hajo, da na tambaye ki mi kika sa, da kin gaya mani?" Na ce da na ce ba komai. Ya ce, "Kamar Alhajin Ɗan Issa." Wannan kalma har yau ba ta gama shiga ba.

Baƙin ma ba shi ne babbar matsala ba. Kwana biyu bayan haka kumburi ya dawo, ya fi na farko, yana hawa wajen ido. Likita ya dakatar da bagaruwa, ya koma ruwan gishiri kullum safe, ya gaya ma Barmo a gabana, "In ranar kasuwa ta zo ba jabel, ko kumburin ya ƙara ko da faɗin yatsa, zan cire, ba shawara. Gara gida ya rasa koma da ya rasa mai koma." Barmo bai yi wasa ba ranar. Ya fita bai ce mani baiwa ba, ni ma ban ce mashi sarkin ƙarni ba. Kullum da safe Likita ya auna kumburin da zare, ni in riƙe zaren.

Ana gobe kasuwa ruwa ya ɗan ja. Likita ya naɗe wando, dattijo da furfura, ya ratsa ta inda samari ke ratsawa, ya hau kabu-kabu a wancan gefe, ya dawo da azahar da ƙaramin bido ɗaya, 'yar jarkar jabel da wani abokin aikinsa ya tsakura mashi. Na fito da tsumman shuɗi na ɗiga. Ban kai rabin salati ba ya yi fari. Aka aika tabki a kira Barmo.

Da jabel ya shiga ramin sai ya hau kumfa. Abin da ya riƙa fitowa, baƙaƙen zaruruwa masu wari, na ɗauka ba zai ƙare ba. Sirinji nawa aka yi ban sani ba, hannuna dai ya mutu a kan abin tsotsa. Da aka sallami Barmo, Likita ya ce in kawo ɗan tsokar nama kamar ƙwayar wake guda biyu, da kofi biyu. Ya jefa tsoka a kowane kofi, ɗaya ya zuba jabel, ɗaya ragowar bagaruwata. Ya ce in je in yi la'asar in dawo. Na dawo, kofin jabel ba komai sai ruwa mai duhu. Na bagaruwa kuwa naman na nan zaune, ya ƙanƙance ya yi tauri, a ba Nomau ya ɗinka laya.

Likita ya ce, "Kin gani? Wancan narkarwa yake, naki jima yake. Ba ki fitar da ɓeran ba, kin jeme shi kin ajiye a rijiya." Ya ƙara da cewa, "Ko ya taimaka ya riƙe mana shi kwana goma, ko hudawa da gishiri ne suka yi aikin, Allah ya sani, ni ban sani ba. Ke ma kada ki ce kin sani."

Zama biyu bayan nan kumburi ya tafi bai dawo ba. Aka busar da ramin, aka cike shi, aka rufe. Likita ya ce in hanya ta gyaru akwai yadda za a rufe baƙin a Maradi. Barmo ya ce, "Koma nike kamawa da shi, Likita, ba budurwa ba. Bar mani shi, in riƙa nuna ma mutane aikin baiwata."

Ya kuwa nuna. Da ruwa ya janye kifi ya yi yawa a shekarar, kowa ya samu, amma na Barmo aka gani. Ba a yi wata biyu ba masunta uku suka yi sallama a zaure, lafiyayyu, haƙora farare tas, wai a yi masu irin na Barmo. Ɗaya har ya zo da kashin maƙeransa a aljihu, kada a ce babu. Likita ya kore su da tsintsiya a hannu, ni na shige ɗaka.

Shekara goma sha ɗaya na ƙara a aikin bayan wannan, har idon Likita ya gaza ya rufe shagon, gyaɗa ta koma wurinta. Ban sake jefa ko tsinke a abin da ba a ce in jefa ba. Ban ce ganye banza ne ba, Nafisa, kada ki je lakkwal ki ce kakarki ta ce. Mai yiwuwa masanan naku su samo wanda zai yi aikin ba tare da ƙone leɓe ba, in sun samo ina so in ji kafin in mutu. Sai dai ranar da aka kawo maki shi a kwalba mai kyau, ki nemi kofi biyu da ɗan nama. Ki kuma tambayi wadda ta dafa abin da ta sa. In ta ce ba komai, ki sake tambaya.

In kun dawo hutun gaba kada ku tsaya a tuwona, ku sauka bakin tabki da safe. Za ku ga wani tsoho a ruwa har gwiwa, koma a baki. Ku ce mashi baiwarsa tana gaishe shi, zai yi dariya, ku duba da kyau. Ku za a ba ku takardar gama karatu ku rataye a bango. Tawa tana bakin Barmo, da baƙar tawada, kuma har yau ita ke riƙe da komar.